Gargaɗi ga masu ƙaura da motarsu: ku kiyayi ejan ɗin "ba diyuti"

Assalamu alaikum jama'a. Don girman Allah duk wanda ke shirin tattara nasa-ya-nasa ya koma wata ƙasa da zama, ko aiki ne ya ɗauke shi, ko aure, ko kuma zaman ne ya ƙare zai koma inda ya fito, kuma a ransa yana so ya tafi da motarsa, to ya daure ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi. In ba kai ba ne mai tafiyar ka tura wa wanda ka san yana haɗa kaya. Abin ya yi yawa wallahi, kuma waɗanda ake cutar nan mutane ne masu hankalinsu da iliminsu, kawai dai an same su ne a lokacin da kai ya ɗau zafi, ga biza, ga neman gida, ga makarantar yara, ga tikiti, motar ita ce ta ƙarshe a lissafi, sai wani ya ɓullo ya ce Alhaji bar min wannan, ni zan yi maka komai, in ɗauke ta a ƙofar gidanka na nan in ajiye maka a ƙofar gidanka na can.

Yawanci a guruf suke farauta, na WhatsApp ko Facebook ko Telegram, irin guruf ɗin da masu tafiya ke tambayar juna shawara. Kana rubuta "don Allah wa ya san ejan mai amana da zai tura min mota", kafin ka ajiye wayar an biyo ka ta bayan fage. Sai ka ga mutum biyu uku a guruf ɗin suna ta yabonsa, wannan ya ce shi ya kawo min tawa, wancan ya ce mutumin kirki ne ba ya cin amana, alhali duk shi ɗin ne da layuka daban-daban ko kuma yaransa. Zai turo maka hotunan motoci ana hawa da su jirgi, da bidiyon kontena ana rufewa, waɗanda kowa zai iya kwasowa a intanet. Farashinsa kuma ƙasa yake sosai da na kowa. Sannan ya jefo maka ainihin ƙugiyar: ai tunda ƙaura za ka yi ba za ka biya diyuti ba, muna da mutum a cikin kwastam, kai dai ka biya kuɗin takardar yafewa mu fitar maka da ita.

To a nan ne nake so a tsaya a fahimta da kyau, domin ƙaryar tasu a jikin gaskiya suka jingina ta, shi ya sa take shiga. Eh, da gaske ne ƙasashe da yawa suna yafe wa mai ƙaura harajin shigo da kayansa na amfanin kansa har da mota. Amma wannan yafewar hakkinka ne in ka cika sharuɗɗa, kai ne kake nema da sunanka kai tsaye a wajen hukumar kwastam, ba haja ba ce da wani zai sayar maka. A Birtaniya misali, hukumar haraji ta HMRC ce ke bayarwa, ana cike fom ɗin da suke kira ToR1 a shafin gwamnati, kyauta ne, in sun amince su ba ka lamba ka miƙa wa kamfanin da ke ɗauko maka kaya. Sharuɗɗan a bayyane suke: ka zauna a wajen ƙasar aƙalla wata 12 a jere, motar ta kasance taka kana amfani da ita aƙalla wata 6 kafin ka taso, ka shigo da ita cikin wata 12 da zuwanka, kuma bayan ta shigo ba ka da ikon sayar da ita ko ba da haya ko ba da aro sai an yi wata 12. Ƙasashen Tarayyar Turai ma kusan haka tsarin yake, dokarsu mai lamba 1186 ta shekarar 2009 ce ta shimfiɗa shi, wata 12 a waje, wata 6 da mallaka, wata 12 ba sayarwa. Ostareliya ta fi tsanani, kafin ma a bar ka ka shigar da ita sai ka yi wata 12 kana riƙe da motar kana hawa, kuma sai ka samu amincewar gwamnati tun kafin a ɗora ta a jirgi. Ka ga duk maganar watanni ce da takardu, babu inda "mutum a ciki" ya shigo.

Inda suke kama mutane da yawa shi ne wanda ya sayi sabuwar mota dab da tafiya, yana ganin bari in sayi mai kyau in tafi da ita tunda ba haraji. Bai cika wata 6 ɗin ba. Ejan na gaskiya zai gaya maka gaskiya, ya ce Malam wannan sai ka biya, a Birtaniya ma'anarsa kashi 10 cikin ɗari na diyuti ga yawancin motoci sannan kashi 20 na VAT a kai, kuɗi ne masu nauyi. Shi kuwa ɗan damfara sai ya ce haba wannan ai ƙaramin abu ne, za mu gyara rasit ɗin mu mayar da kwanan watan baya. Don Allah kar ka yarda. Jami'an ba rasit kaɗai suke dubawa ba, suna neman takardar rajistar motar da inshorar da ka yi mata, kuma waɗannan suna ɗauke da nasu kwanan watan da wata hukuma daban ta buga. Ranar da abin ya tonu, sa hannunka ne a kan fom ɗin, kai ne ka yi wa hukuma ƙarya a ƙasar da ka shigo jiya-jiya kana neman a bar ka ka zauna, shi kuma ya kashe waya.

Akwai kuma abin da ya fi haraji girma wanda sam ba za su taɓa faɗa maka ba, wato shin motar ma za a yarda ta hau titi a can? Ana iya yafe maka haraji kaf amma a hana motar rajista. A Amurka duk motar da ba a ƙera ta bisa ƙa'idojin kariya na ƙasar ba, in ba ta kai shekara 25 ba, ba ta shiga haka kawai, sai ta hannun kamfanin da ke da rajistar gyara irin waɗannan motocin, tare da ajiye jingina ta kashi 150 cikin ɗari na darajarta, kuma ba kowace mota ce ma ake yarda a gyara ba. Ga fom ɗin HS-7 na hukumar sufuri, ga fom na 3520-1 na hukumar muhalli saboda hayaƙi, har ƙarƙashin motar sai an wanke tas don kar a shigo da ƙasar wani wuri a jikinta. A Kanada kuwa sai motar ta kai shekara 15 in ba ta kasuwar yankin ba ce. Kenya kuma akasin haka, ba ta karɓar wadda ta wuce shekara 8, kuma a ƙa'ida sai mai sitiyari a dama. Ostareliya tun ƙarshen 2003 ta haramta duk abin da ke da sinadarin asbestos, kuma tsofaffin motoci kan zo da shi a birki ko kulochi. In ka tambayi ɗan damfara duk wannan amsarsa ɗaya ce, "ba matsala, mun saba". Wasunsu har cewa suke za su canza lambar shasi motar ta zama kamar tsohuwa. Kwastam na Amurka sun kama Land Rover Defender da aka yi wa irin wannan aikin, suka sa injin ya murƙushe ta suka yaɗa bidiyon don kowa ya gani.

Wani salon kuma sai su shigar maka da motar a matsayin ta baƙo mai ziyara, su ce ga shi ta shiga ba ka biya komai ba. Shigar wucin gadi ke nan, lokaci gare ta, a Amurka shekara ɗaya ce ga wanda ba mazaunin ƙasar ba, ba a sayar da motar, kuma dole a fitar da ita in lokacin ya cika. Kai da ka zo zama wannan ba taka ba ce.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Wata baiwar Allah da muke zumunci da ita, mijinta ya riga ta tafiya ya bar ta da yara da haɗa kaya, ta ba wani irin wannan ejan ɗin motarsu. Ya turo direba da babbar mota aka ɗauka a ƙofar gida, ta ba da makullai duka biyun, ta ba da takardar mallaka ta asali, har ya sa ta sa hannu a wajen da mai sayarwa ke sa hannu wai don "saurin fitarwa a tashar jirgi". Ta biya kafin alƙalami. Daga baya ya turo mata takardar lodi, wadda 'yan harkar ke kira bil of ladin, da wani shafi na bibiyar kaya. Da ta nuna min a wayarta, shafin ya yi kyau ƙwarai, ga taswirar teku shuɗiya ga ɗan hoton jirgi kullum yana matsawa kaɗan, yara ma har leƙawa suke suna cewa Mama motarmu ta kusa. Amma da muka buɗe takardar muka ƙara girmanta, tambarin kamfanin jirgin ya yi dishi-dishi kamar an kwafo shi daga hoto, wajen sunan mai karɓar kaya ba sunanta ba ne ba kuma na mijinta ba, lambar kontenar kuma ba ta cika ba. Muka sa lambar a ainihin shafin kamfanin jirgin, babu ita. Duk tsawon lokacin nan saƙon murya yake turo mata cikin ladabi, Hajiya ki kwantar da hankalinki kaya na kan ruwa, sai kuma ya biyo da wata sabuwar buƙata, yau kuɗin sikana, gobe kuɗin feshin magani, jibi wai kwastam sun riƙe sai an biya tara cikin awa 24 ko su ƙwace. Motar dai ba ta sake ganinta ba, kuma wannan sa hannun da ta yi shi ya ba shi damar sayar da ita kamar shi ya saya a hannunta. Har yanzu in na tuna yadda muryarta ta koma da ta gane, raina ɓaci yake.

Saboda haka ku koyi karanta takardar nan, ba wuya. Lambar kontena haruffa 4 ce sai lambobi 7, harafi na huɗu U ne a kontenar kaya, lamba ta ƙarshe kuma ta tantancewa ce da ake lissafowa daga sauran, shi ya sa lambar da aka ƙirƙira da ka sau da yawa ba ta daidaita. Lambar shasi ta motocin zamani guda 17 ce kuma babu harafin I ko O ko Q a ciki, ka gwada ta ɗaya bayan ɗaya da wadda ke jikin gilashin gaban motarka, kuskuren harafi ɗaya ya isa a riƙe maka mota a tasha. Sunan jirgin ka sa shi a MarineTraffic, shafin da ke nuna inda jiragen ruwa suke, ka ga ko akwai shi kuma ko hanyar da aka ce yana bi yake bi. Mafi muhimmanci, kar ka taɓa bibiyar kaya ta link ɗin da ejan ya turo maka, kai da kanka ka rubuta sunan kamfanin jirgin, ko Maersk ne ko MSC ko Grimaldi ko Wallenius Wilhelmsen, ka shiga shafinsu ka sa lambar, ko ka kira ofishinsu da lambar wayar da ka samo a shafin. Waɗannan kamfanonin su ma cutarsu ake yi, tambarinsu ake sata.

Sai dai fa a sani, ba kullum ne motar ke ɓacewa ba. Akwai masu wayon da suka fi wannan, su da gaske za su tura motar, ta iso lafiya, sannan a fara wasan. Takardar lodi iri biyu ce, akwai babba wadda kamfanin jirgi ke ba ejan, akwai ƙarama wadda ejan ke ba ka. Kamfanin jirgi ba zai saki kaya ba sai ejan ya biya su kuma ya ba da izinin saki. To sai ya ƙi biya, ko ya biya ya riƙe izinin, ya ce farashin da na gaya maka na teku ne kawai, akwai ƙari. Kai kuma kana can kana kallon motarka ta bayan shinge, kwanakin kyauta da tasha ke bayarwa 'yan kaɗan ne, suna ƙarewa dimorej, wato kuɗin jinkirin fitar da kaya, ya fara hawa kullum, kuma kuɗin yini yana ƙaruwa in kwanakin suka yi yawa, har ya kai inda kuɗin ajiyar ya kusa kamo kuɗin motar. A Amurka kayan da ba a yi kiliyarin ɗinsu ba cikin kwana 15 ana kai su ma'ajiyar da kwastam ke iko da ita, in an yi wata 6 ana iya yin gwanjonsu. Ya san da wannan agogon sarai, da shi yake matse ka. Maganinsa tun farko a rubuta komai, kuɗin teku, kuɗin tashar tashi, kuɗin tashar sauka, wa zai biya me, sunanka a matsayin mai karɓa, kuma yaushe za a ba da izinin saki. Wanda ya ce ai mu 'yan uwa ne ba sai an rubuta ba, ka gode masa ka nemi wani.

Yanzu ga wadda ta fi ba ni tsoro, don ita ba kuɗinka kaɗai take ci ba. Wani zai same ka ya ce tunda kai ba ka da mota ko ba za ka tafi da taka ba, ka ara mana sunanka mu shigar da tamu a cikin kayanka, mu ba ka wani abu, ko mu biya maka kuɗin kontenar gaba ɗaya. Ana ganin kamar taimakon juna ne. Ɗan uwa ba ka san motar nan ba. Ba ka san ko ta sata ce ba, kuma 'yan sandan duniya na Interpol suna da rumbun bayanan motocin sata da ƙasashe ke dubawa. Ba ka san ko bashin banki ne a kanta ba. Ba ka san me aka cusa a cikin ƙofofi ko ƙarƙashin kujera ko cikin tayar safaya ba. A idon doka wanda sunansa ke kan takarda shi ne mai shigo da kaya, shi za a kira, shi zai yi bayani. Ko da motar tsaf take, sharaɗin nan na hana sayarwa ko ba da aro na wata 12 ka karya shi tun ranar da suka zo suka ɗauke ta, harajin da aka yafe kuma kanka zai dawo. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma wannan wahalar tana iya kai mutum ga rasa takardar zamansa.

Maganar inshora ma a kula. Za su ce an haɗa da inshora a cikin kuɗin, ka ce a nuna maka takardar, da sunan kamfanin inshorar da lambar shasin motarka da adadin da aka yi mata, ka kira kamfanin ka tabbatar. Mutane suna ɗauka in wani abu ya faru kamfanin jirgi zai biya kuɗin mota, ba haka ba ne, a dokar Amurka ta jigilar kaya ta teku iyakar abin da ke kansu dala 500 ce a kan kowane ƙunshi in ba a bayyana daraja ta musamman ba. Kuma abu na faruwa a teku, jirgin Felicity Ace ya kama wuta ya nutse kusa da tsibiran Azores a 2022 da motoci kusan 4,000 a cikinsa.

Ni shawarata, tsarin a juya shi. Kafin ka yi magana da kowane ejan, fara shiga shafin kwastam da na hukumar rajistar motoci na ƙasar da za ka, ka tabbatar motarka za ta shiga kuma za a yi mata lamba, ka nemi yafewar da kanka ka samu amsa a rubuce. In lissafin bai fita ba, ka sayar da ita a inda kake ka sayi wata a can, sau da yawa hakan ya fi sauƙi kuma ba abin kunya ba ne, na san mutum yana shaƙuwa da motarsa amma kar shaƙuwa ta sa ka tura abin da za a hana shi hawa titi. In ya fita, sai ka nemi farashi daga kamfanoni da dama, ka duba rajistarsu. Masu tura kaya ta teku daga Amurka dole su kasance cikin jerin FMC, hukumar da ke kula da jigilar kaya ta teku a can, kuma jerin a buɗe yake kowa zai iya dubawa, a Birtaniya akwai ƙungiyar masu tura kaya ta BIFA, a duniya akwai irin waɗannan ƙungiyoyin, FIATA da FIDI, ka duba sunan a shafin ƙungiyar da kanta, don manna tambari a shafi kowa ya iya. Ka je ofishinsu ko yadin da suke ajiye motoci da ƙafarka. Ka biya a asusun kamfani mai sunan da ke kan yarjejeniya, ba asusun wani mutum ba, ba kirifto ba, ba katin kyauta ba, kuma in saƙon imel ya zo wai mun canza asusu ka tsaya ka kira su a tsohuwar lambar da ka sani kafin ka tura. Diyuti kuwa gwamnati ake biya kuma akwai takardar shaida ta hukuma, ka ce sai ka gan ta.

Takardar mallaka ta asali wani lokaci dole a ba da ita, a Amurka misali sai an gabatar wa kwastam ita aƙalla awa 72 kafin a fitar da mota, wannan gaskiya ne, amma gabatarwa daban sa hannun sayarwa daban. Ka ɗauki hotonta gaba da baya, a ba ka rasit ɗin karɓa, ka ɗauki bidiyon motar ta ko'ina har da lambar kilomita a gaban wanda ya zo ɗauka, ka ɗauki hoton katin shaidarsa da lambar motarsa, makulli ɗaya kuma ya zauna a aljihunka. In ta isa Birtaniya kar ka manta kwana 14 gare ka ka sanar da HMRC ta tsarin NOVA na sanar da isowar mota, in ba haka ba hukumar rajistar motoci ta DVLA ba za ta yi mata rajista ba, kar ka dogara da "mun yi maka", ka ga shaidar.

Wanda kuma ya riga ya faɗa, don Allah kar kunya ta sa ka yi shiru, kuma kar ka ƙara tura ko kwabo da fatan wannan ne na ƙarshe. Yanzu-yanzu ka kira bankinka ka ce damfara ce su yi ƙoƙarin tsayar da kuɗin, a nan awanni ma suna da tasiri. Ka adana duk hirarku da saƙonnin murya da rasit kafin ya goge. Ka kai rahoto wajen 'yan sanda a ƙasar da aka ɗauki motar tare da lambar shasi don a sa ta cikin jerin waɗanda ake nema, in a Amurka ne ka haɗa da IC3, shafin FBI na kai ƙarar damfarar intanet, da ofishin koke na FMC. Ka tuntuɓi kamfanin jirgin kai tsaye ka ji ko motar na hannunsu da sunan wa, in tana tasha ka nemi ejan ɗin kiliyarin mai lasisi ko lauya tun dimorej bai yi nisa ba. Sannan ka sa ran nan da 'yan kwanaki wani zai kira ka ya ce shi lauya ne ko jami'i ne, ya ji abin da ya same ka kuma zai iya dawo maka da kuɗinka in ka biya kuɗin buɗe fayil. Su ne dai suka dawo ko waɗanda suka sayar wa lambarka, ka toshe shi ka ƙara lambar tasa a cikin rahoton da ka kai.